"An Ce" Ba Hujja Ba Ce

'Yar'uwa, shin adalci ne ki yanke wa mutum hukunci da "an ce"? Dubi Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837. Cikin littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, da ya zo kan saɓaninsu da Shehu Al-Kanemi na Borno, sai ya kawo wasiƙun Al-Kanemin, har da sukar da ya yi wa jihadinsu, sannan ya ba da amsa. Wannan shi ne bincike: a koma tushe, a ji daga bakin mai magana. To ke fa, in an kawo miki tsegumi kan kishiya ko maƙwabciya, kikan tambayi wa ya gani? Ki bincika kafin ki isar, don mutuncin wata yana hannunki.