Tsautsayi Ko Ganganci?

Mu ƙaddara direbobi biyu sun taso daga Jega da lodin albasa, sun nufi Yawuri, kowannensu a buge. Na farko ya isa lafiya. Na biyu kuwa ya take yaro a Maiyama. To, ya kai mai karatu, wanne ya fi laifi?

Jama'a za su tsine wa na biyu, su kira na farko gwani. A ganina laifinsu ɗaya ne, domin abin da ke hannunsu duka sun aikata shi tun a tasha, sa'ad da suka karɓi makulli alhali hankali ya gushe. Fitowar yaro kan titi ba zaɓin ɗayansu ba ne.

Shi ya sa doka ba ta jiran a zubar da jini. Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, tana kama mai tuƙi a buge ko bai taɓa kowa ba. Shari'ar Musulunci, wadda Jihar Kebbi ta ɗauka a 2000, a kan shan kansa take hukunci: bulala 80 a mazhabar Malikiyya.

Wani zai ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma tsautsayi shi ne wanda ya auko wa mai hattara. Wanda ya sayi maye da kuɗinsa, giya ce ko ƙwaya, ganganci ya yi. Masu ɗorin Aliero sun iya haɗa ƙashi, amma ba sa mayar da rai. Mu fasinjoji kuma, in muka ji wari muka yi shiru muka shiga, da mu aka yi.