Tsakanin Ginin Sabo da Raya Tsoho

Akwai mas'alar da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, wadda ban same ta a zauren karatu ba, sai a bakin wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa inda na tsaya wata la'asar: shin wanne ya fi nauyi a mizani, ɗora harsashin sabon aiki, ko kuwa kula da tsohon da aka gada don kada ya mutu?

Abin da na gani a tashar nan ba shi da yawa. Ciyawa ta rufe dogo, awaki sun kwanta a inuwar ɗakin sayar da tikiti, an kwance kwanon rufin rumfar fasinja, ga kuma wani dattijo zaune a kan dakali, wanda ya ce mini a nan mahaifiyarsa ta riƙa sayar da fura da dafaffen rogo, da kuɗin cinikin ta aurar da 'ya'yanta mata. Ya nuna mini inda ake sauke buhunan gyaɗa, sa'an nan ya yi shiru.

Jirgi ya iso Kano a 1911, aka kai reshe Ƙauran Namoda a 1929 ta Funtuwa da Gusau, aka kai wani Nguru a 1930 ta Ringim da Malam Madori, daga bisani dogo ya isa Maiduguri a 1964. Babu mai musun cewa Turawa sun shimfiɗa yawancinsa ne domin kwasar gyaɗa da auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku. Amma hikimar Ubangiji ta wuce niyyar bawa, domin kuwa a cikin taragon nan ne manomi ya kai hatsinsa kasuwa, almajiri ya tafi neman ilmi, mace ta je ganin gida da goyo a bayanta, a kan kuɗin da bai fi ƙarfin talaka ba. Da mulki ya dawo hannunmu, dogon nan ya zama amana a wuyanmu, mu kuwa muka bar shi ga tsatsa da ruwan damina da masu kwance ƙarfe su sayar wa 'yan gwangwan.

Ba na raina abin da aka yi daga baya. Jirgin Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a 2016, ya sauƙaƙa wa mutane da yawa, ya kuma tserar da rayuka a lokacin da hanyar mota ta zama abar tsoro, ko da yake shi ma ya gamu da nasa bala'in a watan Maris na 2022. Sai dai idan mutum ya dubi inda ake zuba dukiya, zai ga ta fi karkata ga layin da ke haɗa manyan birane, inda manya ke tafiya, alhali ɗan gajeren zangon da mai ƙaramin ƙarfi ke bukata kullum, daga ƙauyensa zuwa birnin da yake leburanci ko karatu ko neman magani, an bar shi ga tsadar man fetur da motar da ake cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku.

A nan ne nake ganin malamanmu na fiƙihu sun riga mu fahimtar al'amarin. A babin wakafi, sun hukunta cewa abin da dukiyar wakafi ta samar, da gyaranta ake farawa kafin a raba wa masu haƙƙi, har ma a mazhabar Malikiyya idan mai wakafin ya shar'anta a jinkirta gyara, ba a bin sharaɗin nasa, saboda gidan da aka bari ya rushe babu sauran amfanin da za a raba. Kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban shugaba. Abin da aka gina da dukiyar baitulmali, wanda jama'a suka rataya rayuwarsu a kansa, a ganina hukuncinsa ya yi kusa da na wakafi ƙwarai, kuma wanda aka danƙa wa shi naziri ne, wato mai kula da wakafi, za a tambaye shi.

To me ya sa zukata suka fi son sabo? Ina zaton dalilin yana cikin abin da masu tarbiyyar zuciya suke kira son a sani. Sabon aiki yana da ranar buɗewa, da taro, da allon da ake rubuta sunan wanda ya yi. Shi kuwa mai canza ruɓaɓɓen katakon da ke ƙarƙashin dogo, ko mai yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka, babu marokin da zai ambace shi, kuma alamar nasararsa ita ce jirgi ya wuce lafiya ba wanda ya lura. Wannan shi ne aikin da ya fi nisa daga riya, ya fi kusa da ihlasi, shi ya sa yake da nauyi a kan nafsi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin rassan imani, aikin da mai yinsa ba ya ma sanin wanda ya amfana da shi.

Tun daga 2023, da aka gyara tsarin mulki, jihohi sun sami ikon shiga harkar jirgin ƙasa, abin da a da yake hannun gwamnatin tarayya kaɗai. Uzurin cewa abu ne na Abuja ya ragu ke nan. Filin dogo tsakanin Kano da Nguru, da tsakanin Zariya da Gusau, yana nan inda aka shata shi, ba sai an biya kowa diyyar gona ba. Abin da yake jira shi ne masu mulkin jihohin da ya ratsa su zauna da hukumar jiragen ƙasa, su gyara gadoji, su tsare hanya, su sa jirgi mai fita da asuba ya komo da magariba a kan lokacin da aka sani.