Mutum ne ko jari?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce cututtukan da ba a ɗauka daga wani, kamar ciwon zuciya, ciwon suga da ciwon daji, su ke da alhakin kusan mutuwa 3 cikin 4 a duniya. A 2011, masanan jami'ar Harvard da na taron tattalin arzikin Davos sun ƙiyasta hasarar da za su jawo cikin shekara 20, haɗe da ta taɓin hankali: dalar Amurka tiriliyan 47.

Ni dai lissafin nan na damuna. Gaskiya ne, in hawan jini ya shanye wa manomi ɓarin jiki, gona ta kwanta, a saida akuya a sayi magani, a cire ɗiya daga lakwal ta yi jinya. To amma in hasarar aiki ce kaɗai hujjar yin magani, tsohuwar da ta bar daka fa? Sai a bar ta, tunda ba ta kawo komi?

Ƴan'uwa ɗalibai, mu riƙe alƙaluman, da su ake ja da masu raba kuɗin ƙasa. Amma kar su zama ma'aunin mutum. Tiyar da muka auna marar lafiya da ita, da ita za a auna mu ranar da ƙarfi ya ƙare.