Kututture Bai Mutu Ba

Ɗan'uwana manomi, idan bazara ta yi ka ɗauki gatari ka tafi sassabe, me kake tararwa a gonarka? Ga sabara, ga kalgo, ga magariya, duk sun yi toho a ƙasa kamar ciyawa. An koya wa yawancinmu cewa manomin kirki shi ne mai gona fes, wadda ba ko ɗan tsiro a cikinta. Saboda haka kowace shekara sai a sare, a tara, a sa wuta. Shekara ta kewayo su sake fitowa, a sake sarewa. Ka taɓa tsayawa ka tambayi kanka, me ya sa abin nan da ake sarewa kullum ba ya mutuwa?

Bayan farin 1973 da 1974, ƙasar Maradi ta tsiraita. Iska takan kwaso rairayi ta binne shibka, a sake shibkawa sau biyu, sau uku, har irin da aka ɓoye ya ƙare. Mata suna tafiya mai nisa neman itacen wuta. Wadda ba ta samu ba, sai ta dafa tuwo da kara ko kashin shanu. Gwamnati da ƙungiyoyi suka kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa. A reni ɗan itace cikin leda, a kai ƙauye, a dasa, a yi ta ban ruwa. Amma zafin rana da gara da awaki suka gama da yawancinsu.

Cikin masu wannan aiki akwai wani ɗan mishan na SIM mai suna Toni Rinaudo, mutumin Ostareliya, masanin aikin gona. Wata rana a shekarar 1983 ya ɗauko dashe zai kai ƙauye, ya tsaya a hanya don ya rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi. Ya duba gabas, ya duba yamma, fili ne fetal. Zuciyarsa ta karai. Shi da kansa ya sha ba da labari cewa a wurin ya yi addu'a. Ya roƙi gafarar Allah saboda yadda mutane suka ɓata halittarsa, ya kuma roƙa a buɗe masa ido. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro a gefen hanya, irin waɗanda ya saba wucewa kullum. Ya je ya duba ganyen. Ashe itace ne wanda aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana nan, saiwa tana da rai, tana shan ruwa can ƙasa. Kuma irinsa ba su ƙidayuwa a gonakin mutane.

Ka lura fa. Allah bai sauko da sabon iri daga sama ba. Amsar tana ƙarƙashin ƙafar mai addu'ar tun kafin ya buɗe baki. Tsofaffinmu ma ba su jahilci wannan ba, ai sun san darajar gawo a gona. Ido ne ya rufe.

Ayuba ya san zancen kututture. Ka karanta sura 14 ta littafinsa. Mutum ne wanda 'ya'yansa goma suka mutu rana ɗaya, dabbobinsa suka tafi, jikinsa ya cika da miyaku. A cikin wannan hali har ya ga itace ya fi shi sa'a. Ya ce itacen da aka sare yana da sauran bege, gama ko saiwarsa ta tsufa, da ta ji laima sai ta sake toho. Amma mutum fa? A ganin Ayuba a ranar nan, mutum in ya kwanta ya kwanta ke nan. Har ya tambaya ko wanda ya mutu zai sake rayuwa. Ina son wannan wuri ƙwarai, domin Allah bai share kukan bawansa daga cikin Littafi ba. Ya bar shi a rubuce saboda ni da kai.

An daɗe kafin amsar ta zo, kuma ta hanyar kututture ta zo. Gidan sarki Dawuda babban itace ne a Urushalima. Wajen shekara 586 kafin haihuwar Almasihu, Nebukadnezzar sarkin Babila ya ci birnin, ya ƙone Haikali. Aka yanka 'ya'yan sarki Zadakiya a gabansa, aka ƙwaƙule masa idanu, aka tafi da shi cikin sarƙa. Aka sare itacen har ƙasa. Amma tun kafin wannan, annabi Ishaya, a sura 11, ya riga ya faɗa cewa toho zai fito daga kututturen Yesse, wato mahaifin Dawuda. Shekara ta bi shekara, har kusan ɗari shida, ba ɗan Dawuda a kan gadon sarauta. Jikan sarakuna ya koma masassaƙi a wani ƙaramin gari, Nazarat, sunansa Yusufu. Wa zai dubi gidan nan ya ce akwai sauran sarauta a ciki? A gidan nan Yesu ya girma. Shi ma aka sare shi a kan gicciye saboda zunubanmu, aka sa shi a kabari, aka rufe da dutse. A rana ta uku ya tashi. Nan ne Ayuba ya sami amsarsa.

To, mai karatu, kusan kowane gida yana da kututturensa. Wataƙila ɗanka ne. An yi masa baftisma, yana waƙa a cikin matasa, ya tafi bida Agadas ko Legas, yanzu ko sunan Yesu ba ya so a ambata masa. Wataƙila aurenku ne, kuna gida ɗaya amma sai yara ke kai saƙo tsakaninku. Wataƙila majami'ar ƙauyenku ce, wadda dā take cika, yau tsofaffi biyar ne da jikoki. Ko kuwa zuciyarka ce da kanta. Tun ranar da kuka binne yarinyar nan addu'a ta bushe a bakinka, kana zuwa sujada ne don kada a yi magana.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Ba kowane kututture ke tohuwa ba, akwai wanda gara ta cinye har saiwa. Amma kai ba ka ganin ƙarƙashin ƙasa. Allah ne ke gani. Don me za ka yi saurin sa wuta? Mu dattawan ikilisiya ya kamata mu ji tsoron wannan fiye da kowa, gama a bakinmu ne aka fi jin cewa wane ya riga ya lalace.

Bangaskiya kuwa ba zaman jira ba ce. Manoman da suka karɓi wannan aiki, wanda ake kira sassabin zamani, ba barin tsiron suka yi kawai ba. In ka bar toho ashirin a kututture ɗaya, duk za su rabe abincin, ba wanda zai zama itace. Sai ka zaɓi uku ko biyar masu ƙarfi, miƙaƙƙu, ka sare sauran. Ka datse rassan gefe har wajen rabin tsawo. Wuƙa ko gatari ya zama mai kaifi, ka yi sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Waɗansu sukan ɗaura ɗan tsumma, mai wucewa ya san wannan da mai shi. Bayan 'yan watanni a dawo a sake gyarawa.

A Yohanna sura 15 Ubangiji ya kwatanta Ubansa da manomin da ke yin irin wannan aiki, yana datse reshe mai ba da 'ya'ya don ya ƙara bayarwa. Datsa tana da zafi. Mai bi ba zai riƙe kome da kome ba. Ba za ka riƙe Almasihu ranar Lahadi, ka riƙe layar boka a ƙarƙashin riga ranar Litinin ba. Bashin da kake ci don a yabe ka wajen biki, hatsin da kake fitarwa daga rumbu a ɓoye saboda giya, gabar da kake yi da ƙanenka a kan iyakar gona, duk toho ne masu shanye ƙarfin saiwa. Ka san naka. Ba sai na faɗa maka ba.

Akwai wani abu a labarin nan da ya kamata mu ji kunyarsa tare. Da fari manoma kaɗan ne suka yarda, maƙwabta suna yi musu dariya, suna cewa gonarsu ƙazama ce. Sai yunwar 1984 ta zo. Mishan ta raba abinci a ƙauyuka da yawa, da sharaɗin mutane su bar itatuwa a gonakinsu. Aka bari. Amma da rabon abinci ya ƙare, wajen kashi biyu cikin uku na itatuwan aka sake sarewa. Ashe tsaba ake bi, ba itace ba.

Haka aka yi wa Yesu. A Yohanna sura 6 ya ciyar da mutum dubu biyar. Kashegari suka bi shi har Kafarnahum, shi kuwa ya gaya musu a fili cewa ƙoshin jiya ne ya kawo su. Da koyarwa ta yi nauyi, da yawa suka koma gida. Bitrus da 'yan'uwansa suka tsaya. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, in babu magani, babu makaranta, babu buhu, za ka tsaya?

Waɗanda suka bar itatuwansu bayan tsaba ta ƙare, su ne suka ga amfanin. Iska ta rage binne shibka, ganye ya zama taki, dabbobi suka sami abinci da rani, mata suka sami itacen wuta kusa da gida har da na sayarwa. Maƙwabcin da ya yi dariya ya zo yana tambaya. Daga gona zuwa gona abin ya bazu har Damagaram da Tawa. Bayan shekara ashirin, masu bincike da suka duba hotunan da aka ɗauka daga sama suka kimanta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a Nijar, itace kusan miliyan 200, yawancinsu ba wanda ya dasa.

Sabon toho ba ya son hannu mai nauyi. In ɗan nan naka ya kira waya, kada ka fara da faɗa. In ya dawo gida da kaka, kada ka tare shi da lissafin shekarun da ya ɓata. Uwarsa ta dama masa fura, a shimfiɗa masa tabarma. In lokacin addu'ar dare ya yi, ka tara iyalinka kamar yadda kuka saba, ko ya fito ko bai fito ba. Ka ambaci sunansa cikin masu godiya dominsu, da muryar da zai ji daga ɗakinsa.