Ko Tsoro Zunubi Ne Ga Mai Bi?

Akwai tambayar da masu bi sukan riƙe a zuci, ba kasafai suke furta ta a gaban jama'a ba: in ina da bangaskiya, don me nake jin tsoro? Shekarun da na yi ina koyar da masu shirin baftisma a wata ƙaramar ikilisiya a Nima, cikin birnin Akra, sun nuna mini wannan tambaya ta fi damun mutanenmu bisa dukan tambayoyin da ke cikin littafin koyarwa. Bari mu dube ta tare, gama amsar da muka ba ta ita za ta nuna irin ikilisiyar da za mu zama.

Mu fara da abin da muke tsoro. Mu 'yan kaɗan ne a zango. Yawancinmu daga arewacin Gana muka fito, waɗansu daga Togo da Burkina Faso, Hausa ce ta haɗa mu a sujada kamar yadda ta haɗa mu a kasuwa. A cikinmu akwai masu gadi, da teloli, da mata masu dakon kaya. A ɗakin haya muke kwana, mai gida kuwa kuɗin shekara ɗaya ko biyu yake nema a dunƙule. Tsofaffinmu ba su manta da 1969 ba, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar. Ran 9 ga Mayu 2001 mutum fiye da 120 suka mutu cikin turmutsutsu a filin ƙwallo na Akra, samarin Nima da yawa a cikinsu. A 2014 kwalara ta kama mutum fiye da 28,000 a ƙasar, ta fi yin ɓarna a Akra. Daren 3 ga Yuni 2015 ruwa ya ci gari, mutane suka fake a wani gidan mai a Circle, fetur ya malala bisa ruwan, wuta ta kama, mutum wajen 150 suka rasu. Tun daga ran nan, in hadari ya haɗu, wanda ɗakinsa ke bakin babban lambatun da ya raba Nima da Mamobi ba ya runtsawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Akwai masu wa'azi a birnin nan, a rediyo da talabijin da bakin hanya, waɗanda ke da amsa a shirye. Sukan ce mai bi na gaskiya ba ya ciwo, ba ya talauci, ba ya tsoro. In wahala ta same ka, to, ko dai akwai zunubin da ka ɓoye, ko wani maye a danginku ya kama ka, ko kuwa baikonka bai isa ba. Wannan koyarwa ta shiga kunnen mutanenmu, ga kuma 'ya'yan da take bayarwa. Mace ɗanta yana kwance, sai ta daina zuwa sujada don kada a ce da ita marar bangaskiya. Magidanci an sallame shi daga aiki, sai ya sa rigarsa mai kyau ran Lahadi, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, ya koma gida ba a ɗora tukunya ba. A babbar majami'a mutum yana iya ɓacewa cikin taro. A ƙarama kowa ya san kowa, saboda haka kunya ta fi nauyi. Sai ka ga mutum talatin suna zaune a benci ɗaya da juna, kowa yana tsammani shi kaɗai ne zuciyarsa ke rawa.

Me Littafi Mai Tsarki ya nuna mana? Cikin Luka sura 13 Yesu ya ambaci mutum goma sha takwas da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya kuma ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Haka yake ga waɗanda suka fake wa ruwa a Circle: ba su fi mu da muka kwana a gida zunubi ba. Abokan Ayuba sun yi daidai kwana bakwai da suka zauna tare da shi shiru. Da suka buɗe baki suna neman laifin da ya jawo masa masifa, sai Allah ya yi fushi da su. Annabi Iliya, bayan ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, ya gudu saboda barazanar Yezebel, ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsauta masa ba. Abinci da ruwa ya aiko masa, ya bar shi ya yi barci, daga baya ya yi masa magana.

Babban misali kuwa shi ne Ubangijinmu kansa. A Getsamani bai ɓoye baƙin cikinsa ba. Ya ɗauki Bitrus da Yakubu da Yahaya, ya faɗa musu abin da ke ransa, ya roƙe su su zauna a faɗake tare da shi. In shi marar zunubi ya ji nauyin abin da ke gabansa har ya nemi abokan zama, ashe jin tsoro ba zunubi ba ne. Kasawar da aka yi a daren nan ta almajiran ce da suka yi barci.

Wani zai ce, "Malam, ai sau da yawa Littafi ya hana mu jin tsoro." Gaskiya ne. Amma ka lura da waɗanda ake faɗa wa: mutane ne da tsoro ya riga ya kama, kuma maganar takan zo tare da alkawarin cewa Allah yana nan. Kamar uwa ce da tsakar dare, in aradu ta firgita ɗanta. Ba ta dukansa don ya firgita, takan jawo shi jikinta. Tsoro yakan zama zunubi a wuri ɗaya: sa'ad da ya zama ubangijinka, ya kai ka ga boka, ko ya sa ka ɗora wa tsohuwa maita, ko ka rufe ƙofa maƙwabcinka yana kira.

A Nima akwai majami'ar Katolika mai sunan Kizito Mai Tsarki. Kizito yaro ne ɗan shekara wajen goma sha huɗu, bara a fadar Sarki Mwanga na Buganda, shi ne ƙarami cikin shahidan Uganda. An ƙone shi a Namugongo ran 3 ga Yuni 1886, tare da waɗansu Katolika da 'yan Angilika. Labarin da ikilisiya ta riƙe ya ce yaron ya ji tsoro, sai Charles Lwanga, babbansu wanda ya yi masa baftisma, ya yi masa alkawari zai riƙe hannunsa. Ba a fid da Kizito daga wuta ba, Iliya kuwa ya tsira, amma Allah ɗaya ne ya kasance da su duka biyu. Ba zan yi wa kowa alkawari cewa ruwa ba zai shiga ɗakinsa ba. Abin da bishara ta ba mu shi ne Mai Ceto wanda ya san tsoro a jikinsa, ya ratsa mutuwa ya tashi, da kuma hannun ɗan'uwa.

Nan ne ƙanƙantarmu take zama albarka. Ikilisiya mai mutum dubu ba ta iya sanin ɗakin kowa, mu kuwa muna iyawa. Mu ba da wuri cikin sujada inda mutum zai faɗi abin da yake tsoro, ba abin da ya samu kaɗai ba, dattawa kuma su fara, gama ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kafin damina mu san su wa ke kwana a bakin lambatu, da gidan da za su nufa in ruwa ya taso. Wanda aka rasa ganinsa Lahadi biyu, a je a same shi, a zauna, kada a tambaye shi laifin da ya yi. A Maris 2020, da aka rufe majami'u da masallatai saboda korona, aka kuma hana fita a Akra mako uku, abin da ya riƙe mu shi ne sanin gidajen juna da ƙwaryar abincin da ake miƙawa ta ƙofa.

Kada kuma mu kira sakaci nufin Allah. Shara ce ke toshe lambatu, hannu kuwa ke kwashe ta. Ranar aikin gayya mu fita tare da maƙwabtanmu Musulmi, gama ruwa ba ya tambayar addini in ya shigo lungu. Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga majami'ar Christ the King ran Ista ta 2019 yana dab da cika shekara ɗari. In shi ya taka ƙofarmu, ba mu da hujjar jin tsoron ƙofar maƙwabci.

Ɗan'uwa mai karatu, in zuciyarka tana rawa, kai ta ga Allah yadda take, ka kuma faɗa wa mutum ɗaya cikin ikilisiyarka. In wani ya faɗa maka tasa, kada ka yi barci kamar almajiran nan uku. Ubangiji ya ba mu ikon zama a faɗake tare da juna. Amin.