Halal ne, amma an ce ka rage: shin an haramta maka abin da Allah Ya halatta?



'Yan uwa, akwai wata magana da ta yawaita a bakin masu ciwon suga da hawan jini idan asibiti ya tura su wajen masanin abinci. Da zarar ya ce a rage tuwon dare, a bar lemon kwalba, a sassauta gishiri da magi, sai ka ji mutum ya ce: "To shi wane ne da zai hana ni abin da Allah Ya halatta? Ai in kwana ya ƙare ya ƙare." Maganar ta yi kama da ta addini, shi ya sa ya kamata mu tsaya mu auna ta.

Haramtawa hukunci ne na Shari'a, kuma na Allah ne Shi kaɗai. Masanin abinci bai ce shinkafa haramun ce ba. Cewa ya yi jikinka, a halin da yake ciki yanzu, ba ya iya ɗaukar malmala uku. Wannan shi malamai ke kira himya, wato mara lafiya ya ƙaurace wa abin da zai ƙara masa ciwo. Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya lissafa ta a littafinsa Zadul Ma'ad cikin ginshiƙai uku na likitanci.

Kuma tana da asali a Sunna. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Ummul Munzir cewa Annabi (SAW) ya shiga gidanta tare da Aliyu (RA), lokacin Aliyu bai daɗe da tashi daga jinya ba. Akwai dabino a rataye, Annabi ya ci, Aliyu ma ya fara ci, sai Annabi ya dakatar da shi saboda jikinsa bai gama warwarewa ba. Da ta dafa sha'ir da wani ganye, sai ya umarce shi ya ci wannan, domin shi ya fi masa amfani. Ku duba fa: dabino ɗaya, wuri ɗaya, wani ya ci, an dakatar da wani. Dabino bai zama haramun ba, jikin mai ci ne ya bambanta.

Batun kwana kuma, gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma wanda ke faɗin haka yana kulle shagonsa da dare, yana duba titi kafin ya tsallaka. Me ya sa sai a gaban akushi tawakkali ke tashi? Wanda suga ya ci ƙafarsa ko ƙodarsa, ko hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki, iyalinsa ne ke kwana a asibiti suna sayar da abin hannunsu. Jikin nan amana ne, kuma akwai masu haƙƙi a kansa.

To in ka yarda za ka yi aiki da masanin abinci, abu na farko gaskiya. Zai tambaye ka me ka ci, nawa, yaushe. Kada ka ambaci kunun safe ka ɓoye cokali huɗu na sukarin da ka zuba, ko ka manta da tsiren dare. Da bayaninka zai tsara maka ci, likita kuma ya daidaita magani. Akwai ma gwajin jini da ke nuna matsakaicin sugan mutum na kusan wata 3, don haka ɓoyon ba ya daɗewa. Kanka kawai ka cuta.

Na biyu, ka san ma'auni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin magi da burodi. Sukarin da ake ƙarawa kuma kada ya wuce kimanin giram 50, alhali babbar robar lemon zaƙi guda ɗaya tana iya cinye wannan kason gaba ɗaya. Allah Ya halatta ci da sha a Suratul A'araf, aya ta 31, kuma a ayar dai Ya hana wuce iyaka.

Na uku, gida. Malam, kada ka karɓo takarda ka miƙa wa uwargida ka ce ta san yadda za ta yi. Ku je tare in da hali, tunda ita ke riƙe da tukunya, kai kuma kake cefane. Ku gaya masa abin da aljihunku zai iya. Masani na ƙwarai da wake da zogale da kuɓewa da gero da acca zai tsara muku, abin da ke kasuwarku. Wanda kuma ya fara da tallar wani shayi mai narkar da teɓa a sati ɗaya, ɗan kasuwa ne, ku yi hattara.

Mu kuma sauran jama'a, mu ji tsoron Allah wajen karamci. Baƙo ya ce an hana shi lemo, kada a ce "haba, ɗaya dai, don Allah." Ka haɗa shi da Allah a kan abin da zai cutar da shi, kunya ta sa ya sha. Ka kawo masa ruwa, ladanka na nan.

Mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, ya ga likitansa da masanin abinci tun kafin Ramadan, kada ya yanke wa kansa hukunci. Kuma kada a ce sai an canza komai rana ɗaya. A fara da lemo, sannan gishiri, sannan yawan tuwon dare. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu yi amfani da tamu wajen bauta maSa. Wallahu a'alam.