Wai da wane mudu ake auna likita mai bincike?

Mai karatu, ka tuna shekarun da ake auna fim da yawan kaset ɗin da aka sayar a Ƙofar Wambai da Bata? Yau kuma an koma ƙirga mutum nawa suka kalla a YouTube. Amma ni da kai mun san akwai fim ɗin da ya yi kasuwa aka manta da shi kafin sallah ta zagayo, akwai kuma wanda bai yi ba, amma har gobe yana ranka. To, su ma malaman jami'a suna da nasu mudun, kuma rikicinsa ya fi namu, domin a fagen likitanci rai ake magana.

Ga yadda abin yake. Likita zai yi bincike ya buga a mujallar masana. Duk sanda wani masani ya kafa hujja da aikin, sai a rubuta masa ambato ɗaya. Wani Ba'amurke, Eugene Garfield, shi ya fito da kundin ƙirga ambaton nan a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo awon da ake kira h-index: in kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20, makinka 20 ke nan. Sannan a duba da su wa ka yi aiki, daga waɗanne ƙasashe. Wannan lissafi yana da ta cewa wajen ba da kuɗin bincike da kujerar farfesa.

Kada ka ce zancen Turai ne. Zo mu je Tudun Wadar Zariya, inda asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake kafin ya koma Shika a 2005. A nan Farfesa Kelsey Harrison, mutumin jihar Ribas, da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 daga 1976 zuwa 1979, aka buga sakamakon a 1985. Sun nuna cewa mutuwar mata wajen haihuwa ta fi yawa cikin waɗanda ba su zuwa awo sai abu ya ɓaci, kuma ilimin mace garkuwa ne gare ta da jaririnta. Aikin na cikin abubuwan da suka farkar da duniya, har aka ƙaddamar da shirin kare rayukan masu haihuwa a Nairobi a 1987. A nan ambato bai yi ƙarya ba: an yi ta kafa hujja da shi ne don ya cancanta.

Sai dai tsaya. A 1998 wani likitan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga takarda a mujallar Lancet yana alaƙanta rigakafin ƙyanda da ciwon otizim na yara. Daga baya ta tabbata aikin ha'inci ne, aka janye shi a 2010, aka hana mutumin aikin likita. Amma fa an ambaci takardar fiye da sau dubu, da yawa don ƙaryata ta. Kwamfutar da ke ƙirga ba ta san yabo ba, ba ta san tir ba. Shi ɓarawon unguwa ai kowa ya san sunansa!

Matsala ta biyu ta fi damuna. Ambato yana bin inda masana suka fi yawa, su kuma suna bin inda kuɗi yake. A shekarun 1970 David Warrell ya yi bincike a Zariya kan saran kububuwa, macijin da ke hallaka manoma. Cuta ce ta mai fartanya, har sai a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta maida ita cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi. Yanzu sa kanka a matsayin matashiyar likita a Shika. Ga saran maciji da yoyon fitsari a ƙofarki, ga cutar da Turawa ke rububin rubutu a kai. Wanne za ki ɗauka, alhali kin san wanda zai kai ki ga ƙarin girma? Ka ga mudun da aka yi don auna aiki ya koma shi ke zaɓa wa mutum aiki.

Na uku, haɗin gwiwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma Zariya shaida ce: Brian Greenwood ya shafe kusan shekara 10 a can yana aikin sanƙarau, Eldryd Parry da Neil Davidson kuma suka binciki ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin da ake gasa mai jego da shi. Waɗannan zama suka yi, suka koyar da ɗalibai. Amma a Afirka an sha ganin wani salon: baƙo ya zo ya ɗebi jini da bayanai ya tafi, ɗan gida ya tsira da godiya a ƙarshen shafi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma ko a aikin kirki, ungozomar da ta kwana tana cike takarda, da matar da ta yarda aka ɗebi jininta, ba su da maki. Kamar sunayen nan ne da ke gudu a ƙarshen fim bayan kowa ya miƙe.

Ba ina cewa a fasa mudun ba ne. In babu shi, sai mu koma wa ka sani, wa ya san ka, wanda ya fi muni. Masanan ma da kansu sun yi gargaɗi a San Francisco a 2012 cewa a daina auna mutum da girman mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin. Ambato yana gaya maka masana nawa suka ji. Ba ya gaya maka ko an sauya yadda ake karɓar haihuwa a Giwa ko Soba.

Don haka in an gabatar maka da wani a ce an ambace shi sau dubu goma, ka yi masa barka. Sannan ka tambaya cikin ladabi: ranka ya daɗe, su wa ka horar, su wa ka sa a gaba cikin ’yan gida, kuma wace uwa ce ta koma gida da ɗanta a goye saboda abin da ka gano?